Waldar Damina Ɗaya

Illo ɗan Mati, a Tungar Gamji anka haife shi, can ƙasar Ngaski bakin tafkin Kainji, cikin gidajen nan masu rufi kamar kifaffiyar ƙwarya da anka gina wa mutanen gungu, mazauna tsibiran kogi, bayan ruwan tafkin ya haɗiye garinsu na fari. Ubansa masunci ne, kakansa masunci, kakarsa ma an ce da ƙugiya a bakin zane take zuwa biki. Shi kuwa Illo, in anka sa shi jirgi, kafin a bar gaɓa ya mayar da kunun safe. Mati ya gwada bulala, ya gwada rubutun sha, ya gwada jefa shi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, duk a banza. Ranar da ya gaji sai ya ce wa matarsa, "Zulai'atu, wanga ɗa naki ko randa ya leƙa sai jiri ya ɗebe shi. Ki nema mishi abin yi bisa tudu."

Haka Illo ya tafi Yelwa tun gemu bai tsiro ba, ya lazimci tasha har ya zama direba. Ya ja motocin mutane zuwa Kontagora, zuwa Jega, sau ɗaya ma har Kano, kuma har gobe in ya ɗauko labarin Kanon nan gara ka nemi wurin zama. Abin da ya fi so a duniya giya ta biyar ce: kwalta ta miƙe, inji ya sauke murya, ya ɗora gwiwar hannu bisa taga, itatuwa na ta gudu baya. A nan, in ji shi, yake jin shi ma mutum ne.

Rasuwar Mati ce ta dawo da shi gida. Ya zo da akori-kura tasa ta kansa, tsohuwa, wadda ta gama yi wa masu haƙar rijiyar burtsatse bauta. Niyyarsa ya kwashe Inna da komatsanta su koma Yelwa. Inna ta ce a bari ta fita takaba. Kafin ta fita, ruwan sama ya sauka.

Wanda bai ga hanyar Tungar Gamji da damina ba bai san taɓo ba. Tsakanin Tunga da bakin kwalta fadama ce baƙa wuluk, mai riƙe ƙafa kamar ɗan goyo mai ƙyuya. Jaki kansa in ya iso bakinta sai ya tsaya ya yi shawara. Kifin banda kan yi fumfuna cikin ɗaki ana kallo, mai naƙuda kuwa bisa ƙyaure ake ɗaukarta, in ta kai ta kai.

To, motar Illo sandar giya biyu gare ta, doguwa da gajeruwa. Doguwar kowa ya san aikinta. Gajeruwar, wadda direbobi ke kira ogzilari, in ka ja ta baya ƙafafun motar huɗu duka ke kama ƙasa, gudu ya mutu, ƙarfi ya taso. Wata safiya mata sunka roƙe shi ya gwada. Ya loda kwandunan banda, ya ja gajeruwar, motar ta yi gurnani ta shiga fadamar nan tana tafiya kamar saniya mai ciki, ta ɓullo ta wancan gefen da taɓo har kunne. Mata sunka rangaɗa guɗa, kai ka ce amarya anka kawo. Illo ya yi murmushi. Da ya san abin da guɗar nan za ta ci masa, da kuka ya yi.

Damina ta gaba Inna ta bi mijinta. A lokacin Illo ya riga ya auro Yasira, ɗiyar wani tela a Yelwa, yarinyar da ta tashi da famfo a ƙofar gida. Ya rantse mata zaman Tunga na damina ɗaya ne, ruwa na ɗaukewa za su koma.

Cikin daminar ce gajeruwar ta soma rashin kunya. Ana tsakiyar taɓo, mota na nishi, sai ta tsallake ta fita da kanta, ƙafafun gaba su saki, motar ta zauna daɓas. Illo ya ɗaure ta da roba, ta tsinke. Ya tokare ta da gwiwa, ta buge shi. Ya lallaɓa har Wara wajen Daniel, bakaniken da duk mai motar daji ya sani, mutum mai yawan shiru da baƙin farce. Daniel ya kwanta ƙarƙashi, ya buɗe akwatin giya, ya fito yana goge hannu.

"Haƙorin da ke riƙe ta ya cinye. Sai an aika Kaduna, kuma Allah kaɗai ya san ranar isowa."

"Oga Daniel, kifin mutane na bisa. Gobe kasuwa."

"To, akwai dabara ta biyu, amma ba na son ta. In liƙe ta da walda wuri guda. Ba za ta sake fita ba."

"Liƙe ta."

"Illo, ka ji ni da kyau. In na liƙe ta baya, ta zauna baya. Kwalta ta haramta gare ka. Ka hau kwalta da ƙafa huɗu a kulle, za ta murɗe ƙarfen cikinta kamar wanki. Gudu kuma, keke zai wuce ka shina gaishe ka."

"Damina ɗaya ce. Rani na yi ka yanke ta."

Daniel ya liƙe ta. Ya kuma rage wa famfon gas ɗinta, yadda ba za ta zabura ta haƙa wa kanta rami ba, sai dai ta riƙa ja a hankali kamar mai jan guga.

Sai dai wanda ya ce rani a bakin tafkin nan, wane ranin yake nufi? Ruwan sama na ɗaukewa, farin ruwa, wato ambaliyar damina, na nan kwance cikin fadama. Yana fara janyewa, ƙasar tudu ta bushe ƙurmus, sai baƙin ruwa ya iso daga can saman kogi lokacin sanyi, tafki ya kumbura ya sake jiƙa bakin hanya. Shi ma yana komawa sai albasa ta nuna, ita kuwa albasa cikin yashi ake ɗauko ta, yashin da ke haɗiye mota ya fi taɓo sauri. Kafin a kwashe buhun ƙarshe, hadari ya haɗu gabas. Ko wane wata da dalilin da zai sa a bari sai wata mai zuwa. Yasira ta haifi Firdausi, ta yaye ta, ta haifi ƙannenta, Firdausi ta iya dakan fura. Ranar da Illo ya tuna ya ce wa Daniel a yanke waldar, Daniel ya leƙa ya ce, "Mi za a yanke? Ta zama jiki ɗaya. Sai dai a sake akwatin gaba ɗaya." Illo ya ce to, bayan albasa.

Duniyarsa ta koma daga Tunga zuwa bakin kwalta, daga bakin kwalta zuwa Tunga. Can akwai wata tsamiya inda yake sauke kaya, masu motar kwalta su ɗauka zuwa Yelwa. Biyu daga cikinsu sun zama abokan zamansa. Akwai Auwalu, saurayi mai zafin kai, wanda ya sa an buɗe wa famfon motarsa ciki, ya yanke salansa, in ya taka totur baƙin hayaƙi ya rufe masu tallan gyaɗa. Akwai kuma Bitrus, dattijo Bakambare, mai wata akori-kura otomatik, mai canza giya da kanta, ƙafafun baya kaɗai ke ja, wadda bai taɓa bari ƙafarta ta taka ciyawa ba.

In sun haɗu ƙarƙashin tsamiyar ba a rasa musu.

"Kawu Illo, ka ji kukan tawa?" in ji Auwalu. Ya sa mata wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi da ke hura wa inji iska, tabo suke ce masa. "Yanzu tabo gare ta. In na saki kuloci, kafin ka gama alwala ina Yelwa."

"Kai tabo, ni taɓo," in ji Illo. "Mu gani wa za ya daɗe."

"Tabon gaske na nan tafe, a goshi," in ji Bitrus. "Yaro, inji ba doki ba ne da za ka yi ta zuga shi. Shekara nawa naka za ya yi shina shan gas kamar rijiya?"

"Baba Bitrus, ai kai ba direba ba ne, fasinja ne mai riƙe da sitiyari. Motar da ba ta da kuloci motar amare ce. Ran da batir ya mutu, ko garinku duka sun tura ba ta tashi."

"Ƙafata ta hagu ta yi ritaya, taka fa? Dubi Illo. Musulmi, liman na gaishe shi, amma giya biyu gare shi, kuma ƙaramar ce ta bugar da shi har ya kasa tashi."

Illo kan yi dariya da su. Amma in sun gama lodi sun hau kwalta, yakan tsaya da kunne yana bin injinsu: ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sai ya ji ta biyar ta shiga, murya ta sauka, sannan ya juya ya shiga tasa.

Taɓo kuloci yake ci, kuloci kuma gwiwa yake ci. Tun Illo na ɓoyewa har ya koma sallah a zaune in ya dawo daga hanya. Gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙullin dawo. Yasira ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, bakinta kuma bai huta ba.

"Malam, damina ɗaya ka ce. Ko dai irin ta Annabi Nuhu kake nufi?"

"Yasira, ki bari in ji da ƙafa."

"Ni ina jin ba motar kaɗai Daniel ya liƙe ba. Duba ƙarƙashin wandonka da kyau."

Bara, gab da faɗuwar ruwa, Bitrus ya ja shi gefe. Ya ce ya gaji da kwalta, zai koma gonarsa can cikin dajin Shanga, inda motarsa ba za ta yi taku goma ba. Yana son mai ƙafa huɗu. Waldar ba ta dame shi ba, zai sa a jawo ta har gona, daga nan ba inda za ta. "Mu yi musaya, kai da kai. Ka ɗau tawa, ka ɗau layina na Yelwa, gwiwarka ta huta. Amma kafin ruwan farko nake so, shuka ba ta jira."

Illo ya koma gida ranar bai ji ramukan hanya ba.

Magana ba ta kwana a Tunga. Mutanen Tunga kuwa ba su iya hana mutum abu ba, yabo sunka iya. Wanda bai taɓa ba shi ko kan tarwaɗa ba ya aiko da rabin giwan ruwa. Tsofaffi sunka riƙa tare shi a hanya suna sa masa albarka da ƙarfi don maƙwabta su ji. Mai gari Nasiru ya kira shi zaure ya ce, "Mun ji alheri ya samu. Allah shi sa albarka. Mu dai ba mu da ta cewa. Matar Usman cikin wata takwas gare ta, amma Allah na nan, ƙyaure ma na nan."

"Ranka ya daɗe, ƙafata ta ƙare."

"Haka ne. Ai mu ma mun ce, wanda ya yi mana abin da uba bai yi ba, ba mu riƙe shi."

Illo ya fito daga zauren bai canza shawara ba. Ya ce wa Yasira ta ɗaure kaya. Ba ta bari ya maimaita ba. Kafin la'asar ta naɗe tabarmi, ta jera kwanuka cikin buhu da tsumma tsakaninsu, ta ba maƙwabciya kajinta, ta aika wa ƙanenta a Yelwa ya share ɗakin bayan shagon ubansu. Har waƙa anka ji tana yi, ita da ba a taɓa jin muryarta ba sai a faɗa.

Ranar musaya, da hantsi, Bitrus ya miƙa masa makulli ƙarƙashin tsamiya ya ce ya ɗana ta tukuna. Illo ya shiga mazaunin direba, Bitrus ya zauna gefensa. Auwalu ya haye baya don kada labari ya wuce shi.

"Ka ga wannan harafin da ke jikin sandar giya? Nan za ka sa ta, ka manta da ita. Ƙafar dama ita ce komai. Ta hagu ka ba ta hutu."

Motar ta zame bisa kwalta kamar an zuba mai a faranti. Ba kuka, ba girgiza. Iska ta shigo ta taga ta ɗaga masa hula. Illo ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa wanda bai san a ɗaure yake ba. Ya ƙara totur. Inji ya ɗaga murya, ya kai daidai inda kunnen direba ke cewa a canza, sai ƙafar hagu ta tashi da kanta ta taka kuloci har ƙasa.

Motar ba ta da kuloci. Birki ne a wurin, mai faɗi kamar tafin hannu.

Tayoyi sunka yi ƙara. Goshin Bitrus ya gaisa da gilashi, Auwalu ya mirgino ya daki bayan kujeru ƙafa a sama.

"Wayyo Inna! Kawu, kashe mu za ka yi?"

Bitrus ya shafa goshi ya duba hannunsa, ba jini. Ya yi dariya. "Kowa haka ya fara. Lanƙwashe ta ƙarƙashin kujera."

Ya lanƙwashe. Ba su yi nisa ba, rami ya ɓullo gaba, ƙafar ta fito ta sake takawa. Wannan karon wata motar haya da ke bayansu ta kauce da ƙyar, direban ya leƙo ya zagi iyayen da ke kabari. Auwalu ya sauko da igiyar ɗaure buhu yana dariya har da hawaye. "Kawu, kawo ta nan. Akuyar da ba ta jin kira turke ake mata." Illo, mutum mai furfura a gemu, ya miƙa ƙafa anka ɗaure masa idon sawu jikin ƙarfen kujera.

Sun sake hawa. Yanzu ƙafar ba ta isa birki, sai dai ta yi ta fizgar igiya. Amma wani abin ya fito da ba igiyar da za ta ɗaure shi. Shekara da shekaru idon Illo taku uku gaban mota yake karantawa: ina taɓo ya yi laushi, ina sawun jiya. Ya ɗaga ido ya dubi nesa, ya ga komai na zuwa masa a guje lokaci guda, babur, shanu a gefen hanya, mace da tire a ka, wata tanka ta taso daga kwana ta cika hanya. Hannunsa na dama ya tafi neman sanda bai samu abin da ya sani ba, ƙafar hagu ta ja igiya, ta dama ta rasa wanne ne nata. Bitrus ne ya cafke sitiyari. Sunka gangara gefen hanya cikin kunyoyin wata gona da anka share, ƙura ta tashi, motar ta tsaya.

Ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Auwalu ma bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar.

"Illo," in ji Bitrus a hankali, "sabo ne. Ka yi ta gwadawa da sassafe, hanya ba kowa. Waɗanda ba su kai ka ba sun iya."

Gaskiya ya faɗa, kuma Illo ya san gaskiya ce. Ya fito daga motar. Ya zagaya ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen auna man giya, ya shafa a yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa.

"Man nan ya ƙone, Bitrus. Akwatin motarka ya kusa. Ina jin yadda take zamewa tun daga ta biyu. Ba ni ba motar da ke yanke wa direba shawara."

Man ja ne garau, kamar zoɓo. Auwalu ya buɗe baki, Bitrus ya taka masa ƙafa.

"Haka ne," in ji Bitrus. "Kunnenka ya fi nawa. Kada in cuce ka."

Shi ya tuƙa su sunka koma tsamiya. Cikin satin ya yi musayarsa da wani mutumin Wara.

Illo ya shiga Tunga rana na gangarawa, ba kaya a baya. Tun daga nesa Yasira ta ji kukan injin, ta kuma san na wace mota ne. Tana tsaye tsakar gida tsakanin buhuna da ƙunshin tabarmi, ta yafa mayafin zuwa gari, yara sun yi wanka. Ya shigo yana jan ƙafa, ya fara bayanin man giya. Ta dube shi har ya rasa ƙarshen maganar. Kowa a Tunga ya kasa kunne ta bayan darni yana jiran abin da bakin Yasira zai yi. Ta cire mayafin ta ninke. Ta kwance bakin buhu ɗaya, ta zaro tukunya guda da muciya, ta mayar da bakin ta ɗaure tamau.

Haka take yi har yanzu. Buhunan na jingine a kusurwar ɗaki, abin da take bukata ta ciro, in ta gama ta wanke ta mayar ta ɗaure. Ruwa ya sauka a kan lokacinsa. Matar Usman, wadda Illo ya ƙetarar da ita fadama cikin motarsa, ta haihu a asibitin Wara, namiji, an kuwa sa masa Illo, mai gari da kansa ya zo ya faɗa masa.